Yadda ake gwada saurin ƙananan kwamfutoci na netbook kafin a biya kuɗi

Tambayar da ake ta maimaita mini, musamman ɗaliban jami'a da masu buga takardu a nan Damagaram, ita ce wannan: ga netbook biyu ko uku a gaban mutum, a kasuwar Dole ko a shagon mai gyara, duk na hannu, kuɗinsu ya yi kusa da juna, ta yaya zai gane wadda ta fi sauri? Mai sayarwa zai nuna maka lambar da ke manne a jikinta ya ce 1.6 GHz ce, wato saurin furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. To, Atom N270 na 2008 yana da 1.6, Atom N2600 yana da 1.6, AMD E-350 yana da 1.6, Celeron N3060 na 2016 shi ma 1.6 aka rubuta masa, amma tazarar da ke tsakanin na farkon da na ƙarshen tana da yawa ƙwarai. Lambar nan ba ta raba gardama. Abin da ke raba ta shi ne ka sa su aiki iri ɗaya, a yanayi iri ɗaya, kana riƙe da agogo. Ga yadda ake yi, kuma ka bi matakan a jere, domin wasu gwaje-gwajen ba su da amfani in ba a riga an yi na gabansu ba.

1. Abin da za ka shirya tun daga gida

Kile USB guda, ko da mai giga 4 ce ta isa. Wayarka, don agogon ƙidayar sakan da kuma raba intanet. Takarda da biro, ka ja layi ka raba gida-gida, kowace kwamfuta da gidanta.

A cikin kile ɗin ka zuba manhajoji biyar, duk kyauta ne kuma ba su da nauyi: CPU-Z, CrystalDiskInfo, CrystalDiskMark, HWMonitor da BatteryInfoView. Ka sauko da wanda aka ƙunshe a zip, wanda ba sai an girka shi a kwamfutar mutane ba. Ka ƙara 7-Zip da VLC. Sannan fayiloli uku na aikinka na gaskiya: takardar Word mai shafuka da yawa da hotuna a ciki, littafin PDF mai nauyi, da bidiyo MP4 mai ingancin 720p.

Hattara: yawancin waɗannan manhajoji suna zuwa kashi biyu, mai lamba 32 da mai lamba 64. Ka tabbata mai 32 yana cikin kile ɗinka. Atom N270 da N280 ba sa ɗaukar 64 ko kaɗan, kuma Windows 7 Starter da ya zo da yawancin netbook 32 ne. Mai 32 yana tashi a ko'ina, mai 64 kuwa zai ƙi.

Hattara ta biyu: kada ka je da kile ɗin da ke ɗauke da kundin karatunka ko hotunan iyali. Kwamfutocin kasuwa sun sha kile iri-iri, kuma ƙwayar cutar nan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi tana yawo sosai. In ka dawo gida ka goge ta gaba ɗaya kafin ka soka ta a wata na'ura.

Kuɗin wannan matakin shi ne na kile, in ba ka da ita, da ɗan datan da za ka sauko da kayan.

2. Nemi izini, ka zaɓi lokaci

Gwajin zai ci kusan awa guda a kan kwamfuta biyu, don haka kada ka je lokacin da shago ya cika. Ka ce da mai kaya, “Alhaji, da niyyar saye na zo, amma ina so a ba ni wuri in gwada waɗannan biyun, wadda ta yi mini zan ɗauka.” Mai kaya na gari ba ya ƙin wannan. Wanda ya ce kunnawa kawai zai yi ka ga ta kawo haske, ka yi masa sallama ka wuce gaba.

In da hali ka je da rana tsaka, ba da sanyin safiya ba. Dalilin yana mataki na 9.

3. Duba abin da ke cikinta

Buɗe CPU-Z. A shafin farko za ka ga cikakken sunan furosesa da yawan ƙwayoyinsa. A shafin Memory za ka ga yawan RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa a lokacin, da irinsa, DDR2 ko DDR3. Rubuta su. Kada ka dogara da takardar da aka manna kusa da madannai, domin ana sauya murfi da gangar jiki a wurin gyara, takardar ta bi murfin.

Ga yadda nake jera waɗanda aka fi gani:

Atom N270, N280, N450, N455 da N470 duk ƙwaya ɗaya ne, na tsakanin 2008 da 2010. Su ne ƙasan layi. Windows zai nuna maka kamar biyu ne, amma dabara ce ta raba ƙwaya ɗaya gida biyu, CPU-Z zai gaya maka gaskiya a wurin da aka rubuta Cores.

Atom N550, N570, N2600 da N2800 ƙwaya biyu ne na gaske. Sun fi na sama jure buɗe abubuwa biyu lokaci guda.

AMD C-50, C-60, E-350 da E-450 na 2011 ne, ƙwaya biyu, da sashen hoto na Radeon. C-50 lambarsa 1.0 GHz kacal, mutane suna raina shi saboda haka, alhali a wajen bidiyo ya fi Atom N450 nesa ba kusa ba.

Sai na baya-bayan nan masu allo inci 11.6, irin su HP Stream 11 da makamantansu daga Asus, Acer da Lenovo, masu Celeron N2840, N3050, N3060, N3350, N4000 ko N4020. A kasuwa duk netbook ake kiransu. Waɗannan sun fi dukkan na sama ƙarfin furosesa, amma suna da nasu tarkon da za mu zo kansa.

Hattara da Atom N2600 da N2800: sashen hotonsu, GMA 3600 da 3650, Intel ta yi masa direba, wato manhajar da ke sa shi aiki, don Windows 7 mai 32 ne. In ka ga an ɗora wa irin wannan Windows 10, sau da yawa allon yana tafiya ne ba tare da direban da ya dace ba, sai ka ga taga tana jan ƙafa in an matsar da ita, hasken allo ma wani lokaci ba ya raguwa. Laifin ba na furosesan ba ne, amma kai za ka zauna da shi.

4. Daidaita su kafin ka fara ƙidaya

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ya sa sakamakon mutane da yawa ba ya nufin komai.

Dukansu a jona su da caja. Netbook a kan batir tana rage gudunta don tanadin wuta, in ka gwada ɗaya a jone ɗaya a kan batir ka zalunci ta biyun. Dukansu a ɗora su a kan tebur ko katako, ba a kan tabarma ko cinya ba. Kashe Wi-Fi a dukansu tukuna. Windows 10 da ta daɗe a ajiye, da ta ga intanet sai ta kama sauko da sabuntawa a ɓoye, diski ya cika da aiki, kwamfutar da lafiyarta ƙalau ta zama kamar mai ciwo.

Bayan ta tashi ka ba ta minti 5, sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare. A madannan Faransanci Ctrl, Maj da Échap ke nan. Gestionnaire des tâches, tagar da ke nuna aikin da kwamfuta take yi, zai buɗe. Ka duba nawa furosesa ke aiki alhali ba ka buɗe komai ba. Ya kamata ya sauko ƙasa sosai. In ya tsaya a sama, akwai abin da ke cin ta a ɓoye, ko manhajar kashe ƙwayar cuta biyu da ke faɗa da juna, ko ita kanta cutar. Rubuta wannan. Matsala ce da sabon Windows ke warwarewa, ba lalacewar ƙarfe ba ce, amma duk lambobin da za ka samu daga wannan kwamfutar za su fito ƙasa da ƙarfinta na gaskiya.

In ɗaya tana da Windows 7 ɗaya tana da Windows 10, ka sani kana gwada Windows ɗin ma, ba na'urar kaɗai ba. A kan Atom mai giga 1 ko 2, Windows 10 nauyi ne da ya fi ƙarfinta.

5. Lafiyar diski kafin saurinsa

Buɗe CrystalDiskInfo. Yana nuna launi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja lalacewa. In rawaya ne, duba layukan da ke ƙasa, musamman mai lamba 05 da mai lamba C5. Su ke ƙidaya wuraren da suka mutu a diskin da waɗanda ke shirin mutuwa. Diski mai rawaya yana iya aiki yau, gobe ya tafi da kundinka gaba ɗaya, kuma tun kafin ya tafi yana sa kwamfuta ta riƙa sandarewa na sakan da yawa tana ƙoƙarin karanta wurin da ya lalace. Gwada saurin irin wannan kamar sukuwa ce da dokin da ƙaya ke cikin kofatonsa. Ka dakatar da gwajin, ka sa kuɗin sabon diski cikin lissafi, ko ka bar ta.

A wannan tagar kuma za ka ga awoyin da diskin ya yi yana aiki da irinsa. Iri uku ne. Akwai mai juyawa, wanda za a rubuta masa 5400 RPM, yawanci giga 160, 250 ko 320. Akwai SSD, wanda ba ya juyawa. Akwai kuma eMMC, wanda aka liƙe a jikin allon uwa, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta suke haɗe a kansa, yawanci giga 32 ko 64. Sau da yawa CrystalDiskInfo ba ya ganin eMMC sam, in ya ce bai ga diski ba a sabuwar ƙaramar kwamfuta, wannan ne dalili.

Kara kunnenka a jikinta in diskin mai juyawa ne. Ƙaramar ƙara ta juyawa ba komai. Ƙas-ƙas mai maimaituwa alama ce mara kyau ko da launin shuɗi ne.

6. Agogo a hannu

Yanzu aka zo gwajin da na fi yarda da shi, domin shi ne abin da za ka riƙa ji a jikinka kullum.

Na farko, tashi. Kashe ta gaba ɗaya, danna maɓallin kunnawa tare da agogo, ka tsayar da agogon lokacin da ka iya buɗe babban fayil na Documents ya buɗe nan take. Kada ka tsayar da shi da zarar hoton fuskar Windows ya bayyana, domin akwai wadda ke nuna fuska da wuri sannan ta yi minti guda ba ta jin kira.

Hattara: Windows 8 da 10 suna da wata dabara, démarrage rapide, wadda ke sa kashewa ta zama rabin barci, sai tashin ya yi sauri fiye da na gaskiya. Don adalci da mai Windows 7, ka riƙe Shift lokacin da kake danna Arrêter, wannan zai kashe ta kashewa ta gaske.

Na biyu, kwafe fayilolinka uku daga kile zuwa kan diskin kwamfutar, sannan ka buɗe su daga can. In ka buɗe su kai tsaye daga kile, saurin kile ɗin kake aunawa. Ƙidaya sakan nawa takardar Word ta ɗauka kafin ka iya gangarawa shafin ƙarshe. Yi rubutu layi biyu da sauri a tsakiyarta ka ga ko haruffa suna bin yatsunka ko suna zuwa a makare. Buɗe PDF ɗin ka yi ta gangarawa, ka lura ko shafuka suna fitowa fari kafin rubutun ya bayyana.

Buɗewar farko ita ce abin rubutawa. Ta biyu kullum ta fi sauri, saboda fayil ɗin ya riga ya zauna a RAM. Mai sayarwa da ya buɗe Word sau biyu kafin ka iso zai nuna maka saurin da ba za ka sake gani ba sai ka yi irin abin da ya yi. In kana son maimaitawa, sai ka sake tayar da ita.

7. Lambobin diski da furosesa

Buɗe CrystalDiskMark. Rage girman fayil ɗin gwaji zuwa wajen mega 64 ko 128, yawan zagaye 3, iri ɗaya a kowace kwamfuta, don kada ya cinye maka lokaci. Zai ba ka layuka da dama. Biyu kawai nake kallo: na sama, SEQ, wato karanta babban fayil a jere, da na ƙasa, RND4K, wato tsintar ƙananan fayiloli a warwatse.

Mutane suna ruɗuwa da layin sama domin lambarsa ce babba. Amma tashin Windows da buɗe manhaja aikin layin ƙasa ne. Diski mai juyawa na netbook yakan ba da wajen mega 60 zuwa 100 a sakan a layin sama, a layin ƙasa kuwa da ƙyar yake kai mega 1. SSD, ko mai araha ne, yana ninka wannan lambar ta ƙasa sau goma ko fiye. Shi ya sa tsohuwar Atom N550 da aka sa wa SSD take iya riga wadda ta fi ta furosesa tashi, in waccan tana kan diski mai juyawa. eMMC yana tsakiya, ya fi mai juyawa a layin ƙasa, bai kai SSD ba, kuma rubutunsa ya fi karatunsa jinkiri.

In ka ga SSD a tsohuwar netbook bai kai mega 500 da aka rubuta a kwalinsa ba, ba jabu ba ne lallai. Mashigar SATA ta waɗannan na'urori tsohuwa ce, tana tsayar da shi a ƙasa da 300, a mafi tsufa ma ƙasa da 150. Layin ƙasa ne dai abin dubawa.

Ga furosesa, buɗe 7-Zip, shiga Outils, zaɓi gwajin ƙarfi da ke ciki. Sa girman dictionnaire iri ɗaya a duka, mega 8 ya isa, ka bar shi ya zagaya sau 3, ka rubuta jimillar MIPS da ke ƙasa. Wadda ta fi lamba ta fi ƙarfin lissafi. Sharaɗin shi ne 7-Zip ɗin ya zama guda, wanda ke cikin kile ɗinka, ba wanda ka tarar a kwamfutar ba, don lambobin sigogi daban-daban ba sa haɗuwa. Bambancin da bai kai kashi 10 cikin 100 ba kada ka biya ko dala a kansa, ba za ka ji shi a aiki ba.

8. Intanet, RAM da bidiyo

Yanzu kunna Wi-Fi ka haɗa su da wayarka, ɗaya bayan ɗaya, a wuri guda, don kada bambancin ƙarfin layi ya shiga lissafi.

Hattara biyu a nan. Tsofaffin netbook suna ganin Wi-Fi na 2.4 GHz ne kawai, in wayarka tana rabawa a kan 5 GHz ba za su gan ta ba, sai ka sauya a saitin wayar. Sannan ka duba kwanan wata a kusurwar allo. In ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin agogo da ke cikin allon uwa ya mutu, kuma shafuka za su riƙa ƙin buɗewa suna cewa haɗin ba amintacce ba ne. Da yawa suna zaton katin Wi-Fi ne ya lalace. Gyara kwanan watan ka ci gaba.

Buɗe burauza, ka buɗe shafi guda, sannan na biyu, na uku, har biyar, irin waɗanda kake shiga kullum: Gmail, Facebook, WhatsApp na kwamfuta, shafin labarai. Bar Gestionnaire des tâches a buɗe kana kallon RAM. Ka rubuta a shafi na nawa ne ta fara sandarewa. In RAM ya cika, Windows yana komawa ajiye abubuwa a diski, in kuwa diskin mai juyawa ne, nan ne za ka ga fitilarsa ta tsaya a kunne kwamfutar ta daina amsawa. Mai giga 1 ba ta zuwa ko'ina a intanet na yau. Mai giga 2 tana lallaɓawa da shafi biyu ko uku. A ganina, duk wanda aikinsa ya dogara da burauza kada ya sauko ƙasa da giga 4, kuma wannan kaɗai ya fitar da yawancin masu Atom daga takara.

Akwai batun tsufan burauzan kansa. Microsoft ta daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020. Chrome na ƙarshe da ke hawa Windows 7 shi ne 109, Firefox kuma 115. Wasu shafuka sun fara ƙin waɗannan, don haka ka gwada ainihin shafin da kake bukata, na rajistar makaranta ne ko na wurin aiki, ka ga ya buɗe da idonka.

Sai bidiyo. Kunna MP4 ɗinka na 720p da VLC, cike da allo, ka kalli furosesa. Masu GMA 950 da GMA 3150, wato N270 har zuwa N570, ba su da sashen da ke warware irin wannan bidiyo, furosesa ne ke ɗaukar nauyin duka, sai ka ga ya haura sama hoto yana tsalle murya ta riga shi. Masu AMD da masu Celeron na baya-bayan nan suna da wannan sashen, bidiyon yana tafiya sumul furosesa yana hutawa. YouTube ya fi fayil ɗin da ke kan diski nauyi, wadda ta sha wuya a VLC kada ka sa ran za ta yi 720p a can. Ga mai koyon darasi ta bidiyo wannan gwajin ya fi na 7-Zip muhimmanci.

9. Zafi

Damagaram ba Turai ba ce, inda aka yi amfani da yawancin waɗannan na'urori kafin su iso mana. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga ko'ina. Furosesa in ya yi zafi da yawa yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Kwamfutar da ta yi kyau a minti 5 na farko tana iya zama wata aba daban bayan rabin awa.

Buɗe HWMonitor, rubuta zafin furosesa tana zaune. Sake kunna gwajin 7-Zip ka bar shi yana ta zagayawa minti 10 zuwa 15. Ka kalli abu biyu: zafin da ya kai, da kuma ko lambar MIPS ta ƙarshe ta faɗi ƙasa da ta farko. In zafin ya tunkari digiri 90, ko lambar ta riƙa sauka, ko ta mutu da kanta, sanyayawarta ba ta da lafiya. Sa bayan hannunka a kafar da iska ke fita. In fanka tana ihu amma iska ba ta fitowa, ƙura ta toshe hanya. Wannan gyaransa mai sauƙi ne, a buɗe a share a sauya man da ke kan furosesa, amma ka ce a yi kafin ka biya, sannan ka sake gwadawa.

Da yawa daga cikin sababbin masu Celeron ba su da fanka kwata-kwata. Shirunsu ba lalacewa ba ne, kuma ƙura ba ta damunsu sosai, sai dai su ne suka fi rage gudu in aiki ya daɗe a ɗaki mai zafi.

10. Batir

Inda wuta ke ɗaukewa, kwamfuta mai sauri da ba ta riƙe caji ba ta gama maka aiki. Buɗe BatteryInfoView ka nemi lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake ɗauka yanzu in ya cika. Raba na biyu da na farko. In ya sauko ƙasa da rabi, batirin ya kusa gama aiki. A Windows 8 zuwa sama umarnin powercfg /batteryreport yana ba da waɗannan lambobin.

Hattara: batirin da aka sauya da na kasuwa yana iya faɗin lambar da ba gaskiya ba. Don haka ka cire caja, ka sa hasken allo daidai a dukansu, ka kunna bidiyon nan minti 15, ka rubuta kashi nawa kowace ta ci. Akwai kuma batirin da ke sauka a hankali har ya kai wajen kashi 40 sannan ya yanke gaba ɗaya, wannan ba ya bayyana a shago. Shi ya sa ake neman sharaɗin mayarwa.

Juya ta ka duba batirin. Mai ƙwaya 3 siriri ne, mai ƙwaya 6 yakan ɓullo ta baya ko ta ƙasa, kuma yana ɗaukar kusan ninki biyu. In ka ga madannai ko wurin shafa yatsa sun tasa sama a sabuwar mai batir na ciki, batirin ya kumbura, kada ka saya.

11. Haɗa lissafi da kuɗin gyara

Ka dubi takardarka ka tambayi kanka wane layi ne aikinka. Mai buga takardu da karanta PDF, nasa shi ne mataki na 6 da batir. Mai intanet, RAM. Mai darasin bidiyo, sashen hoto. Sannan ka raba raunin kowace gida biyu, wanda kuɗi ke gyarawa da wanda ba ya gyaruwa.

Diski mai juyawa ana sauya shi da SSD mai inci 2.5 a yawancin masu allo inci 10, kuma babu gyaran da ya kai shi canza halin netbook. Amma wasu na farko-farko, irin Asus Eee PC 701 da 901 ko Dell Mini 9, ba su da wurin irin wannan diskin, ka sa a buɗe ka gani. RAM ana ƙara shi, sai dai N270, N450, N550 da N2600 duk iyakarsu giga 2, Windows 7 Starter ma ba ya wuce giga 2. Ramin RAM ɗin guda ne, wato cire na giga 1 za ka yi ka sa na giga 2, kuma DDR2 ba ya shiga ramin DDR3. Furosesa ba ya sauyuwa a kowace netbook, a liƙe yake.

Tarkon sababbin masu Celeron shi ne nan. A yawancinsu RAM da eMMC duk a liƙe suke. Mai giga 2 da eMMC 32 haka za ta mutu, kuma Windows 10 yana cinye mafi yawan giga 32 ɗin har sabuntawa ta rasa wurin sauka. Duba sararin da ya rage a diski C kafin ka yi murna da lambar MIPS ɗinta.

A ce an yi maka ɗaya jika 30 mai N455 da giga 1 da diski mai juyawa, ɗaya kuma jika 45 mai N3350 da giga 4 da eMMC 64. Kafin ka ce ta farko ta fi araha, je ka tambayi kuɗin SSD, da RAM na giga 2, da batir in nata ya gaji, da ladan mai gyara, a shago biyu ko uku, ka ɗora a kan jika 30 ɗin. Farashin waɗannan kaya yana motsi da canjin naira, tunda da yawansu ta Kano suke shigowa, don haka tambayar ranar ce abin dogaro. In jimillar ta kusa kai ta biyun, ɗauki ta biyun, domin ko an gama yi wa ta farko komai tana nan a ƙwaya ɗaya da giga 2. Wanda kuwa ya riga ya mallaki mai N270 kuma rubutu kawai yake yi, Linux, wato madadin Windows, mara nauyi irin antiX yana da sigar 32 da ke tafiya a kanta fiye da Windows 10.

Abu biyu da ba sa fitowa a agogo amma suna rage saurin aikinka. Allon inci 10 yawanci 1024 da 600 ne, gajere, wasu tagogi maɓallin OK ɗinsu yana faɗawa ƙasan allo, na inci 11.6 kuwa 1366 da 768 ne. Sai madannai: wadda ta zo daga Faransa AZERTY ce, mai é da è da ç a fili, wadda ta biyo ta Najeriya yawanci QWERTY ce. Mai rubuta kundi da Faransanci ya gwada buga sakin layi guda a kowace, ya danna kowane harafi ya ga babu matacce.

12. Kafin ka miƙa kuɗi

Goge fayilolin da ka kwafa, ka fita daga duk asusun da ka shiga a burauza, ka sa kwamfutar da ba ka ɗauka ba ta manta da Wi-Fi na wayarka. Duba cajar da za a ba ka, lambar volt da ke jikinta ta dace da wadda aka rubuta a ƙasan kwamfutar, kuma ita ce wadda aka yi gwajin da ita. Ka nemi a rubuta maka a rasit lambar jikin na'urar, da yawan RAM da girman diski kamar yadda CPU-Z da CrystalDiskInfo suka nuna, da kwana biyu ko uku na mayarwa in batir ya yanke ko ta riƙa mutuwa da zafi. In an ce a bar ta a ɗora mata sabon Windows ka dawo gobe, ka sake buɗe CPU-Z da CrystalDiskInfo lokacin karɓa, ka gwama da abin da ke takardarka. A daren farko ka caja ta ta cika, ka cire caja, ka yi aiki da ita har ta mutu da kanta kana duba agogo.